Darasi: Yadda Ake Shirya Kula da Masu Doguwar Cuta a Hannun Ma'aikatan Jinya

'Yan'uwa, akwai cutar da takan zo ta wuce, kamar zazzaɓin cizon sauro. Akwai kuma wadda takan zauna da mutum har ƙarshen ransa, kamar hawan jini, da ciwon sukari, da amosanin jini, da farfaɗiya. Mai irin wannan cuta yana bukatar wanda zai riƙa duba shi wata bayan wata. A ƙauyukan Rano da Kibiya likita yana da nisa, amma nas da ma'aikacin lafiya na ƙauye suna kusa. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake ɗora wannan aiki a hannunsu.

Tun a taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka yarda a kai kiwon lafiya kusa da jama'a, kuma Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya kafa wannan tsari a Nijeriya sa'ad da yake ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. A 2014 gwamnatin tarayya ta amince a danƙa wa ma'aikatan jinya da na ƙananan asibitoci wasu ayyukan da dā likita kaɗai ke yi. A 2020 aka fara shirin ƙasa na yaƙi da hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun.

Ga matakai biyar na shiri mai kyau.

Na farko, a san masu ciwon. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da alama ba, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. A auna kowane baligi da ya zo asibiti. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake aunawa wata rana. In ya tabbata, a rubuta sunansa a littafi, a ba shi kati.

Na biyu, a bi ƙa'idar magani guda. A shirin da muka ambata ana farawa da ƙwayar amlodifin, in awo bai sauka ba a ƙara losatan. Rubutacciyar ƙa'ida ita ce ke ba nas ikon yin aiki ba tare da jiran likita ba.

Na uku, kada magani ya yanke. Wanda ya sha wata biyu ya bari, jininsa zai sake hawa. A lissafa bukatar wata uku tun da wuri. Da damina, lokacin da manomi yake gona, hanyoyi kuma sun lalace, a ba wanda awonsa ya daidaita maganin da zai ishe shi watanni.

Na huɗu, a bi sawun wanda bai dawo ba. Littafin nan shi zai nuna wanda ranarsa ta wuce. A kira shi ta waya, ko a aika ta hannun mai unguwa ko zumuntar mata.

Na biyar, a san iyakar aiki. Mai juna biyu da jininta ya hau, da mai ciwon ƙirji, da mai sukari wanda gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, a tura su babban asibitin Rano, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ba tare da jinkiri ba.

Mu ma muna da rabonmu. Mu rage gishiri da sinadarin ɗanɗano a miya. Mu tuna wa iyayenmu ranar awo, mu raka su. Samari da 'yan mata su gwada jini kafin alkawarin aure, gama in dukansu biyu AS ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai amosanin jini.

Tambayoyi don tattaunawa:

1. Yaushe aka auna jininka na ƙarshe?
2. Wanene a unguwarku ya daina shan magani, kuma mene ne dalilinsa?
3. Wa za mu zaɓa ya riƙa haɗa marasa lafiyarmu da nas ta asibitin da ke kusa?