Yadda Ake Zaɓen Shafin Gilashin Ido

Da likita ya gama gwaji ya rubuta lamba, sai mai haɗa gilashi ya shiga jero tambayoyi: "Alhaji, a sa mai hana ƙyalli? Mai yin duhu a rana fa? Ga na kwamfuta ma." Kowanne da kuɗinsa, kuma yawancinsu siraran shafe-shafe ne da ake ɗora wa ƙwayar gilashin. A ganina ba daɗin suna ake bi wajen zaɓe ba. Ana farawa ne da abin da zai riga kashe gilashin, a ƙare da abin da yake ƙari kawai, kuma a ƙasar ƙura da zafi wannan jerin ya saɓa wa yadda ake tallata su.

Da farko a tambayi da me aka yi ƙwayar. Yawancin na yanzu roba ce: ko dai CR-39, wadda ake amfani da ita tun shekarun 1940, ko folikabonet mai rashin nauyi da wuyar fashewa, wadda ta dace da yara da masu babur. Dukansu suna da saurin kujewa, folikabonet ma ta fi. Saboda haka shafin hana kujewa ne ke gaba, ciki da waje. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa tana ɗauke da ɓarɓashin yashi da ya fi roba tauri, don haka duk sanda mutum ya cire tabarau ya hura masa iska ya murza da bakin riga ko gefen mayafi, yashi yake gogawa a kai. Babu shafin da zai hana kujewa ɗungurungum, amma mai kyau yana ƙara wa gilashi kwana sosai.

Na biyu shi ne kariya daga hasken UV, wanda ke da hannu a yanar ido da naman nan da ke tsirowa daga gefen farin ido. Folikabonet tana tare shi da kanta, kada a biya sau biyu. CR-39 ce ke buƙatar ƙari. A nemi mai alamar UV400. Wannan kariya ba ta da launi, kuma baƙin gilashi maras ita ya fi rashinsa illa, domin duhun yana sa ƙofar ido ta ƙara buɗewa.

Sai shafin hana ƙyalli, inda ya kamata a tsaya a yi lissafi. Ƙwayar roba maras shafi tana mayar da kusan kashi 8 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata, siraran ƙwayoyin da ake yi wa masu babbar lamba kuwa sun haura 10. Shafin, wanda Alexander Smakula ya samar a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935, yana sauko da wannan zuwa kusan kashi 1. Direban da fitilun tirela ke kashe wa ido da dare shi ya fi sanin amfaninsa, domin inuwar fitila ta biyu da yake gani a jikin gilashi takan ragu ƙwarai. Za a ce ai yana ɓarewa, yana riƙe shatin yatsa. Gaskiya ne ga mai araha, kuma dalilin a fili yake: roba ta fi shafin buɗewa idan ta ji zafi, sai shafin ya tsattsage. Tabarau da aka bari a gaban mota cikin ranar Afrilu, ko aka sunkuya da shi a kan murhu, shi ke fara nuna haka. Mafita ita ce a nemi wanda aka rufe da shafin ƙarshe mai kore ruwa da maiƙo da ƙura, a kuma tambayi garanti a rubuce. In kuɗi bai kai na mai kyau ba, gara a haƙura da shi gaba ɗaya, domin shafi tsattsagagge ya fi rashinsa dusashe gani.

Mai yin duhu a rana kuwa sai an duba sana'a. Hasken UV ne ke sa shi duhu, gilashin gaban mota kuma yana tare wannan hasken, don haka yawancinsu ba sa yin duhun kirki a cikin mota. Tsananin zafi ma yana rage musu duhu. Ga mai wuni tsakanin rumfa da rana yana da amfani. Direba kuwa gara ya mallaki tabarau na rana daban.

Na ƙarshe shi ne mai tare shuɗin haske, wanda aka fi tallatawa. A 2023 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 17, ba ta kuma sami hujjar cewa yana rage gajiyar ido daga kallon kwamfuta ba. Wani zai ce shi kam ya ji sauƙi da ya sa. Ba na ƙaryata shi, amma a lura, irin wannan gilashin yakan zo ne da sabuwar lamba da kuma shafin hana ƙyalli, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya kawo sauƙin. Gajiyar ta fi fitowa daga ƙura wa waya ido ba ƙiftawa har ido ya bushe, maganinta kuma ba ya buƙatar kobo: duk minti 20 a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20.

Kafin a biya, a ɗaga gilashin a ƙarƙashin fitila a karkata shi. Mai hana ƙyalli na gaske zai nuna ɗan kore ko shuɗi mai rauni, maras shi kuwa zai dawo da farar fitilar tar. A gida kuma a riƙa ɗauraye shi da ruwa mai sanyi da ɗigon sabulun ruwa kafin a goge da ƙyalle mai laushi, a ajiye shi a cikin gidansa.