Filin Shawara: An rage mini tumbi, gari na cewa ciwo nake

Gwaggo, ni matar aure ce a Kankiya, 'ya'yana huɗu. Ƙiba ta yi mini yawa har gwiwoyina suka kasa ɗaukata, ga suga ga hawan jini, salla ma a zaune nake yi. Wata huɗu ke nan maigidana ya kai ni Alƙahira aka yanke wani ɓangare na tumbina aka cire. Mun ce wa dangi ganin likitan gwiwa muka je. Alhamdu lillahi na ragu, yanzu ina sujada. Amma gashina zuba yake yi, kuma loma uku ta tuwo sai amai. Surukata kullum sai ta aiko da tuwo da man shanu, wani lokacin ta zo ta zauna sai na ci a gabanta, har sha-ka-fashe ta sa aka sayo mini. A gidan suna na ji ana raɗa wai ciwon zamani ne, wasu su ce sammu. Shi kuma maigida yana maganar ƙarin haihuwa. Wallahi na fara nadama.
— 'Yarki a Kankiya

'Yata, Allah Ya ƙara sauƙi. Raɗar gidan suna ta fi ƙona miki rai, na sani, amma aman nan ne ya fi tayar mini da hankali, don haka da shi zan fara.

A irin aikin da aka yi miki ana cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi. Abin da ya saura a watannin farko bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. To ki tuna yadda muke cin tuwo: a gutsura, a mulmula, a dangwalo miya, a haɗiye, haƙori bai san an yi ba. Tsohon cikinki ya saba da haka, wannan sabon ba zai karɓa ba. Lomar tana sauka dunƙule ta tokare, sai ƙirji ya ɗaure, yawu ya taru, ta dawo. Haka tuwon shinkafa, burodi, taliya da busasshen nama irin su kilishi da tsire suke yi wa mutane da yawa a wannan matakin. Ki koma ci da ƙaramin cokali, ki tauna har ya zama ruwa a baki, ki ajiye cokalin tsakanin loma da loma. Da kin ji nauyi a ƙirji ki tsame hannu, ko da saura a kwano. Kada ki kora da ruwa. Ki bari sai bayan rabin sa'a. Ruwan kuwa kurɓa-kurɓa za ki riƙa yi tun safe har dare, ki kai lita ɗaya da rabi, musamman in zafi ya shigo. Lemo mai gas ki yi sallama da shi.

In kin gyara cin, amma har yanzu kullum sai kin yi amai, ko ruwa da kunu ma ba sa zama, wannan ya wuce shawarar Gwaggo. Wani lokacin tumbin ne yake tsukewa a wuri guda, kuma ana iya gano shi a gyara. Sannan amai mai daɗewa yana ƙarar da bitamin B1 daga jiki cikin 'yan makonni, rashinsa kuma ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake taɓawa. Kin ga kina layi in kina tafiya, ko kina ganin abu biyu-biyu, ko ƙafa na mutuwa, ko mantuwa ta yi yawa, a ranar za ki tafi asibiti. Ki fara da babban asibitin Kankiya, in ta kama a tura ki Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Kina kan hanyar duka biyun. Ki riƙe takardun da aka sallame ki da su a Alƙahira, kuma likita kam kada ki ce masa aikin gwiwa ne. Ya duba miki har magungunan suga da hawan jini, don in jiki ya ragu sau da yawa sai an rage su, in ba haka ba sugan ya faɗi ƙasa.

Zubar gashi daga wata na uku zuwa na shida abu ne sananne bayan wannan aiki, kuma yawanci yana tsirowa. Abin da zai taimaka shi ne abinci mai gina jiki, aƙalla giram 60 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne, kin ga da sauran aiki. Tunda wurin kaɗan ne, kada tuwo ya riga shiga. Ki fara da alale, wake da ya dahu luguf, dafaffen kifi, farfesun kaza, hanta, awarar da ba a soya ba, kindirmo marar suga. In da sauran wuri, tuwo loma ɗaya ya biyo baya. A yi miki gwajin jini a ga sinadarin ƙarfe da bitamin, ki bar kitso mai ɗaure kai na ɗan lokaci.

Sha-ka-fashe kuwa ko ƙwara ɗaya kada ki haɗiye. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi akwai deksametason a ciki, mai tayar da suga da hawan jini, wato ainihin abin da kuka kashe dukiya don ku rabu da shi.

Sai maganar Hajiya surukarki. Ni ban ga muguwar suruka a wasiƙarki ba. Na ga dattijuwa da ta ga matar ɗanta tana zubewa a gaban idonta ba a ce mata komai ba, ta ɗauko maganin da ta sani, wato tuwo da man shanu. Mu nan jiki muke kallo mu ce an samu hutu, in mace ta rame sai a fara tuhumar miji ko kishiya. Ku kuka bar ta a duhu. Ke ba za ki iya ture kwanonta ba, kunya ba za ta bari ba, kuma ban ce ki yi ba. Wannan aikin ɗanta ne. Ya same ta su biyu, ya gaya mata gaskiya: aiki aka yi, likita ne ya ƙayyade cin, tilasta miki tuwo cutarwa ce. Sannan kada a ce mata ta daina aiko da abinci, don zuciyarta za ta sosu. A ce mata farfesu da alale da kindirmo ake so. Ina kyautata zaton ranar da ta gane, ita za ta riƙa tare miki masu cewa "ci mana".

Sauran gari ba sa bin ki bashin bayani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wadda ta matsa ki ce, "Likita ne ya sa ni rage jiki saboda suga." Gaskiya ce, kuma ta isa.

Haihuwa a dakata. Likitoci suna cewa a jira wata 12 zuwa 18 bayan aikin, har jiki ya tsaya, don cikin da ya shiga uwa tana kan ramewa ita da ɗan duka suna ƙaranci. Ki lura kuma, raguwar ƙiba kan sa mace ta fi saurin ɗaukar ciki fiye da da. Ku je sashen tazarar haihuwa tare. Mai yawan amai ba ta dogara da ƙwaya, ki tambayi na sakawa a dantse ko makamancinsa.

Nadamar da kike ji ba ke kaɗai ba ce, mutane da yawa suna shiga wannan hali a watannin farko. Amma in ta kai ba barci, sai kuka, ba kya son ganin kowa, shi ma ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi amai.

*

Gwaggo, ni ɗan kasuwa ne daga Kusada. Wata bakwai ke nan da aka yi mini aiki a Indiya, irin wanda ake ɗinke tumbi a haɗa shi da hanji. Na ji garau, shi ya sa na bar shan bitamin, ga su da tsada. Ina shan maganin ciwon baya daga kemis saboda zaman mota. Tambayata: zan iya ɗaukar azumi bana?
— Mai karatu daga Kusada

Alhaji, azumi ka tambaya, amma ka faɗi abu biyu a gefe da suka fi shi gaggawa.

Maganin bayan nan, juya kwalin ka karanta. In diklofenak ne ko ibufurofen, ko irin haɗin da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna, ka ajiye shi yau. A irin aikinka suna haddasa gyambo daidai inda aka haɗa tumbi da hanji, yana iya zubar da jini ko ya huje. Taba ma haka take yi. Farasitamol ya fi maka aminci kafin ka ga likita. Kashi baƙi ko ciwon ciki mai tsanani kuwa, asibiti kai tsaye.

Bitamin kuma na har abada ne, ba sai ka ji ciwo ba. An kewaye ɓangaren hanjin da ya fi tsotsar ƙarfe da kalsiyam, B12 ma ba ya shiga kamar da. Hanta tana da ajiyar B12 da kan kai shekaru, shi ya sa kake jin garau; ranar da ta ƙare sai kasala da mutuwar ƙafa, kuma lahanin jijiya ba kullum yake warkewa ba. Wanda ya iya kuɗin jirgin Indiya kada ya yi ƙoron allurar B12 da ake yi duk wata uku.

Azumi: yawancin likitocin wannan fanni sun fi son a ɗaga a shekarar farko. Ba ka da cikin da za ka ɗura ruwan yini da sahur, ga shi buɗa-bakinmu kunu mai suga ne da ƙosai da zoɓo, waɗanda in suka faɗa hanjinka kai tsaye sai zufa, jiri, bugun zuciya da gudawa. Ka tuntuɓi likitan da ya san aikinka, in ya ce a'a, ka je wa malaminka da wannan amsar ya yi maka bayanin rangwamen marar lafiya da yadda ake ramuwa. Kafin watan ya kama, ka yi gwajin jini, ka koma kan bitamin ɗinka, kuma kada ka sha ƙwayar ƙarfe da shayi ko tare da ta kalsiyam. Ka raba su da sa'a biyu.