Yadda Ake Bin Tarihin Coci Da Makarantar Ƙauye

Da yawa daga cikinmu, in mun gama karatu, ƙauye za a tura mu koyarwa. Watakila mu tarar da tsohuwar coci da ɗakin makaranta a gefenta, amma ba wanda ya rubuta labarinsu. Tsofaffi suna ta ƙarewa, gara kuwa ba ta jin tausayin takarda. Saboda haka ya kamata mu san yadda ake tattara irin wannan labari tun da sauran masu ba da shi. Bari mu ɗauki Wusasa, kusa da birnin Zariya, ta zama misali.

Shaidu uku ne za mu nema. Na fari tsofaffi. Mu je musu da ladabi, mu zauna ƙasa, kada mu katse su. Tsoho ba safai yake riƙe lissafin shekara ba, sai ya ce zamanin sarki wane, ko shekarar fara, ko shekarar yunwa. Mu rubuta yadda ya faɗa, daga baya mā nemi shekarar.

Na biyu takardu. Coci takan ajiye littafin baftisma da na aure da na mutuwa, makaranta kuwa tana da rajista mai sunayen yara da ranar shigarsu. Abin da ba mu samu a ƙauye ba, mu nema a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Kaduna. Wasiƙun 'yan mishan na C.M.S., waɗanda suka kafa Wusasa, suna Jami'ar Birmingham ta Ingila.

Na uku ginin kansa. Cocin Bartholomew ta Wusasa da ƙasa aka gina ta, bisa fasalin ginin Hausa. Duk mai ido zai gane hannun maginan ƙasar nan, ko da takarda ba ta ambaci sunayensu ba. Mu auna bango, mu duba inda aka yi ƙari, mu karanta rubutun kaburbura.

To, babban aikin shi ne gwada shaidun nan da juna. Ga misali. Wani zai ce mana makarantar Wusasa ta fara a 1929, wani ya ce ta girmi haka nesa. Wa za mu ƙaryata? Ko ɗaya. Likita Walter Miller ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, can ya soma koyar da yara. A 1929 ne mishan ta tashi daga birni ta koma Wusasa. Watau ɗaya yana maganar gini ne, ɗaya yana maganar makarantar tun tushenta. Wanda ya ji bakin mutum guda ya rufe littafi, rabin gaskiya ya rubuta.

Kada kuma mu raina wurin don ƙanƙantarsa. A makarantar Wusasa Janar Yakubu Gowon ya fara karatu, shi ne kuwa ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

In mun gama, mu yi kwafi biyu, ɗaya a coci, ɗaya a makaranta, kowace magana da bayanin inda muka samo ta. Sa'an nan mu karanta wa tsofaffin da suka ba mu, domin su gyara mana tun suna da rai.