Tazarar da ta Dace Wajen Ɗaukar Hoton Yaro

Duk lokacin rajistar jarrabawa, ɗalibai a Kiru da Bebeji kan yi layi domin ɗaukar hoton fasfo, galibi da wayar salula. Sau da yawa hoton kan fito da ƙaton hanci da 'yan ƙananan kunnuwa, har uwa ta rantse ba ɗanta ba ne. Kusanci ne ke jawo haka.

Daga tsinin hancin yaro zuwa kunnensa akwai kimanin santimita 10. Idan kyamara tana santimita 30 daga hancin, to kunnen yana santimita 40, saboda haka hancin zai ƙara girma da kashi ɗaya cikin uku in an gwada shi da kunnen. Idan mai hoto ya ja baya mita ɗaya da rabi, bambancin bai kai kashi 7 cikin 100 ba, ido kuwa ba ya lura da wannan. Ashe gara a tsaya nesa a jawo fuskar da kyamara, ko a yanke gefen hoton daga baya.

A hoton fasfo, ƙa'ida ita ce kai ya cinye kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na tsayin hoton. Hoton Sallah ko na yawon makaranta a madatsar ruwan Tiga kuwa yana son fili, domin a ga hula da lalle da wurin. Sai dai mai hoto ya durƙusa daidai idon yaro. Kan yaro dama babba ne bisa jikinsa. Ɗauka daga sama sai ta ƙara masa, ƙafafu su gajarce.