Darasi Na Tara: Hazo, Hayaƙi Da Tauraron Ɗan'adam

A watannin Disamba da Janairu, mutumin da ya fito da sassafe daga Fagge ya nufi kasuwar Sabon Gari yakan tarar gari ya yi fari fat, har ma a wasu ranakun jirage su kasa sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Bahaushe kan ce an yi hazo. To amma abin da ake kira hazo ba abu guda ba ne: akwai ƙura, akwai kuma hayaƙi, kuma kowanne da asalinsa.

Masana suna bambance su ta hanyar hotunan tauraron ɗan'adam. (Wannan suna ƙirƙirarre ne, kuma yana cikin mafi dacewa da aka samar a Hausa, domin ya raba tauraron da mutum ya ƙera da wanda Allah ya halitta.) Hukumar NASA ta Amurka ta harba Terra a 1999 da Aqua a 2002, kowannensu ɗauke da na'urar MODIS. Wannan na'ura ba hoto kaɗai take ɗauka ba, tana kuma auna zafin da ke tashi daga ƙasa, saboda haka duk inda wuta ke ci sai a yi masa jan ɗigo a taswira. Daga ɗigon ne ake ganin hayaƙi ya miƙe kamar jela, launinsa toka-toka, alhali ƙura launin ƙasa gare ta. Idan aka jera hotunan kwanaki a jere, sai a gane inda iska ta nufa da shi. Da haka aka bi sawun hayaƙin gobarar dazukan Kanada a 2023 har ya isa Turai.

Abin da hotunan suka nuna game da Kano ya saɓa wa zaton mutane da yawa. Mafi yawan ƙunar daji ta rani tana aukuwa ne kudu da Kano, iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take busowa, don haka takan kora hayaƙin zuwa bakin teku. Farin da ke rufe Fagge galibi ƙura ce daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe.

Sai dai tauraron ba ya ganin komai. Gajimare kan tare shi, ƙananan wutace kuma, irin na shara da tayoyi a lunguna, sukan kuɓuce masa, ga shi kuwa hayaƙinsu ne yaro mai asma yake shaƙa a hanyar makaranta.

Aikin Aji

1. Bayyana bambancin ma'ana tsakanin hazo, ƙura, hayaƙi da raɓa, tare da jimla ɗaya ga kowace kalma.
2. Tsara yadda za ka koyar da kalmar "tauraron ɗan'adam" ga ɗaliban aji biyar na firamare.