Haƙƙin 'Yar Aiki Da Mai Jinyar Tsofaffi

Jama'ar Wudil, kowa ya san yadda ake ciniki a kasuwar Kara ranar Juma'a. Ba a jan sa sai an sallama a gaban shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa, mai dabba ya ƙirga kuɗinsa. To, don me in za a ɗauki mace ta kula da tsohuwar da ke kwance, ko yarinya za ta tafi aikatau Kano, sai a ce "ai ba za mu ɓata ba," a tashi a haka?

Wanda bai taɓa jinya ba bai san nauyin aikin nan ba. Ku dubi dattijuwar da ɓarin jikinta ya shanye. Tun asuba mai kula da ita za ta dama kunu, ta ba ta cokali-cokali, ta goge mata baki. Ta riƙa juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Ta kwashe fo, ta wanke zanen gado, ta kiyaye lokacin maganin hawan jini. Tsakar dare in tsohuwa ta yi nishi ita ke tashi, 'ya'yan kuwa suna barci, ko suna can Abuja. Wata ya mutu, sai a ce ta ƙara haƙuri, Alhaji bai turo ba.

Wani zai ce ai akwai ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, wato NLC. Akwai kam, har ma ta canja shugaba. A watan Fabrairu na 2023 Ayuba Wabba, wanda ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan lafiya, ya miƙa ragamar NLC ga Joe Ajaero bayan shekara 8. A watan Mayu gwamnati ta canja a Abuja da Kano. Aka yi ta ja-in-ja kan albashi, har a watan Yuli na 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan doka aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000, Gwamna Abba Kabir Yusuf kuma ya sa 71,000 ga ma'aikatan Kano. Madalla. Amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wane gida ne a Wudil ke da 'yan aiki 25? Ashe ke nan ko warin wannan ƙari mai jinya ba ta ji ba, alhali tsadar masara ba ta tsallake ta ba. A ganinmu, shugabannin ƙwadago sun fi jin kukan wanda ake cirar kuɗin ƙungiya daga albashinsa, ita kuwa ba ta cikin rajistar kowa.

A shekarar 2011 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 189 a Janeba domin ma'aikatan gida. Ta ce a bayyana musu sharuɗɗan aiki tun farko, a biya su aƙalla sau ɗaya a wata, su huta awa 24 a jere kowane mako. Najeriya ba ta shiga ba tukuna. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a ko shugabancin ƙungiya, ku tambaye shi matsayinsa a kan wannan.

Kafin nan, abin da ke hannunmu ba ya jiran majalisa. A yanka lada ranar da aka ɗauki mutum, a gaban mai unguwa ko liman, a rubuta ko da ajami ne. A faɗi ranar hutu, a faɗi wanda zai biya asibiti in ita ma ta kwanta. Kada a lissafa ragowar tuwo da kwancen atamfa cikin albashi. Kuɗin kuma ya shiga hannun wadda ta yi wahalar, domin sau da yawa dillaliyar da ta kai yarinya birni ce ke karɓewa, iyaye a ƙauye sai ɗan abin da ta ga dama.

Iyaye kuma ku sani, dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. In an hana 'yarku haƙƙinta ko an dake ta, ku fara da mai unguwa, in ya faskara ku je Hisba, ko ofishin NAPTIP da ke Kano.