Makarantar manya a cikin salula

A ƙauyuka da yawa yanzu ana samun salula mai babban gilashi, ko da guda ɗaya ce a gari. Ana kiran ƴan uwa da suka tafi ci-rani da ita. Ana jin waƙa da wa'azi. Amma tana da wani aiki da ba kowa ya sani ba. Tana kawo darasi har gida, kuma magidanci ko uwar ƴaƴa suna iya ɗauka ba tare da sun biya malami ko dala ba.

Darasin yana biyowa ta intanet. Intanet hanya ce da ta haɗa kwamfutoci da saluloli na duniya duka. Abin da aka ajiye a Ingila, mai salula a Tasawa ko Madawa yana iya buɗe shi, in dai akwai rezo.

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a Nijar. A 1962 aka kafa kulob-kulob na rediyo, inda manoma suke taruwa su saurari shiri, su tattauna a kansa. A 1964 aka fara koyar da yara ta telebijin a wasu azuzuwa. Sai dai maganar rediyo in ta wuce ta wuce. Darasin salula kuwa ana tsayar da shi, a mai da shi baya, a sake ji sau goma. Ba ya gajiya, ba ya yi wa mai furfura dariya.

Su wa ke ba da darasin?

A Ingila akwai wata jami'a da ake kira Open University, wato buɗaɗɗiyar jami'a. An kafa ta a 1969 domin manya waɗanda ba su samu yin dogon karatu da ƙuruciya ba. Ba ta tambayar mutum takardar shaida kafin ya fara. Da farko ta rediyo da telebijin da gidan waya take aika darussa. A 2006 ta buɗe wani wuri a intanet mai suna OpenLearn, ta zuba ɗaruruwan darussa kyauta: lissafi, lafiyar jiki, kimiyya, aikin na'urori. Wanda ya gama darasi yana iya samun takardar da ke nuna ya bi shi, amma wannan takarda ba digiri ba ce.

A Amurka kuma wani mutum mai suna Salman Khan ya fara koya wa wata yarinya ƴar uwarsa lissafi daga nesa a 2004. Sauran dangi suka ce su ma suna so. A 2006 ya fara sa darussan a YouTube, a 2008 abin ya zama ƙungiya mai suna Khan Academy. Lissafinta yana farawa daga ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya hau har na jami'a. An mai da darussa da yawa cikin Faransanci. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ita ma ta buɗe nata darussan kyauta a 2017, yawanci domin ma'aikatan lafiya.

Ga inda wuyar take. Yawancin wannan ilimi da Ingilishi ko Faransanci yake. Wanda ya koyi karatu da Hausa a cibiyar yaƙi da jahilci ba zai shiga ciki kai tsaye ba. Ko dai ya zauna da ɗansa ɗan lakwal ya fassara masa, ko ya nemi wanda aka yi da Hausa. Na Hausa bai kai sauran yawa ba, amma akwai shi. Tun 2011 wasu masana na jami'ar Amurka, ƙarƙashin sunan SAWBO, suke yin gajerun bidiyo na zane mai motsi a kan noma da lafiya, a sa musu murya da harsuna da yawa, har da Hausa. Ƙungiyar Access Agriculture, wadda aka kafa a 2012, tana da bidiyo inda manomi ke nuna wa manomi aiki, wasunsu da Hausa.

Me ake koyo?

A ɗauki ajiyar wake. Kowane manomi ya san yadda ƙwaro ke mai da buhun wake gari cikin ƴan watanni. Saboda tsoron haka ake sayarwa da kaka, lokacin da wake ba ya da daraja. Darasin kimiyya yana bayyana cewa ƙwaro ma numfashi yake yi, kamar akuya, kamar mutum. In aka hana shi iska, sai ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. A kan wannan sani aka yi buhun PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, kuma masu bincike na INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa ɗaya a waje. Ana zuba busasshen wake mai tsabta, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ba a sa magani ko kaɗan. Wanda ya gane dalilin, ba sai an gaya masa ya duba huda a leda ba. Ba sai an hana shi buɗe buhu kowace safiya ba, kuma da kansa zai nisanta shi daga ɓera.

Na biyu shi ne zawo na yara. Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jikinsa. Maganin farko shi ne ƙunshin gishiri da sukari da ake samu a likita, a narka shi cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In babu ƙunshin a kusa, ana haɗawa a gida: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a sake sabo. In akwai jini a kashinsa, ko ya ƙi sha, ko idanunsa sun faɗa, a kai shi likita nan take.

A nan lafiya ta haɗu da lissafi. Uwar da ta juya awon, ta sa gishiri shida da sukari rabi, ta ƙara wa ɗanta ciwo. Shi ya sa wadda ta iya rubutu ta fi wadda ta kalli bidiyo kawai. Ita tana rubuta 1 da 6 da rabi a littafinta, ta same su ranar da yaro ya kwanta, ko salula tana kasuwa tare da maigida.

Ba duk mai magana a salula ne malami ba

Hanyar da ke kawo darasi ita ce ke kawo ƙarya. A WhatsApp ana tura murya cewa wani garin magani yana warkar da ciwo goma, ko cewa allurar rigakafi tana hana haihuwa. Wasu kuma sukan ce a aiko da kuɗi a karɓi takardar digiri. Darasi na gaskiya yana faɗin wanda ya yi shi: jami'a, ko hukumar lafiya, ko ma'aikatar noma. Ba ya sayar da magani a ƙarshe. Ba ya tambayar lambar sirri ta asusun kuɗin salula. Abin da ya shafi jiki, a tambayi ma'aikacin likita kafin a gwada. Abin da ya shafi gona, a tambayi malamin gona, ko a gwada a kuyya biyu kafin a bi gona duka.

Kyauta, amma da ɗan kuɗi

Darasin ne kyauta. Intanet ɗin saye ake yi, cajin batir ma biya ake yi, kuma bidiyo ya fi rubutu da murya cin kuɗi nesa. Dabarar ita ce kada kowa ya saya shi kaɗai. Mutum ɗaya ya sauko da bidiyon a inda rezo ke da ƙarfi, misali ranar kasuwa. In ya dawo gari, sai ya tura wa sauran ta Bluetooth ko ta ɗan katin ajiya na salula. Wannan turawa ba ta cin ko dala, ba ta bukatar rezo. A cibiya kuma ana iya kallo tare, malami ya tsayar da bidiyon, a rubuta sababbin kalmomi da lambobi a allo. A tuna da mata, domin a gidaje da yawa salular tana aljihun maza.

Ga aikin lissafi na wannan mako. Wata cibiya tana da ɗalibai 20. Kowa ya ba da dala 10. An tara dala 200, wato jikka ɗaya. An cire dala 40 na cajin batir. Dala nawa suka rage na sayen intanet? In ɗalibai 5 sun tafi ci-rani, dala nawa za a tara a wata mai zuwa?